Bashin da Doguwa ta ci a jikinta

Duk wanda ya leƙa ɗakin Doguwa, aladiyata, a wancan watan na Maris sai ya yaba mini. 'Ya'ya goma sha ɗaya, farare tas, sun yi ɓul-ɓul, in suka kama nono sai ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin uwar. Haihuwarta ta fari ke nan. Kaina ya kumbura, har hoto na ɗauka na tura wa abokai ina cewa su zo su ga kiwon zamani. Mama ce kaɗai ba ta yaba ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dogara da sandarta, ko kallon 'ya'yan ba ta yi ba, ta ce, "Kai 'ya'yan kake kallo. Uwar fa? Ai da ranta suke cinye ta." Na yi dariya na ce, "Haba Mama, mai jego ai dole ta ɗan faɗa." Ta ce, "To," ta juya ta tafi.

Na san da yawa cikin masu karanta ni ba sa kiwon alade, ba sa ci, wasu ko sunansa ba sa son ji. Ba gardama na kawo ba. A nan Kudancin Kaduna alade asusu ne ga gidaje da yawa: da shi ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake sayen taki in kuɗin citta ya yi jinkiri, kuma wanda ya taɓa zuwa kasuwar aladu ta Katsit a Kafanchan ya ga manyan motocin da ke lodi zuwa kudu. Mai akuya ko tunkiya ko saniya ma, in ya daure ya karanta, zai ga tasa dabbar a cikin labarin nan.

Kuskuren nawa ya faro tun Doguwa na da ciki. Cikin alade kwana 114 ne, yadda muke haddace shi: wata uku, mako uku, kwana uku. Duk tsawon kwanakin nan na riƙa ɗura mata abinci, a tunanina tana ci ne domin kanta da na cikinta. Kwami ba ya bushewa. Ta yi ƙiba har wuyanta ya yi ninki, in ka danna bayanta kamar katifa. Ni kuwa murna nake yi. Da haihuwa ta zo, ta daɗe tana fama, muka kwana tsaye da tocila. Bayan ta sauka lafiya sai ta ƙi abinci. Ta shinshina kwami, ta ɗan taɓa, ta koma ta kwanta tana haki. Ni kuma, da yake masarar da ke rumbu ta ja baya kuma aljihu ya yi sauƙi, sai na ce ai ga shi ma ba ta son ci da yawa, Allah ya hutar da ni. Na koma ba ta dusar masara da dusar burukutu da ɗan ɓawon rogo, bokiti ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Bokiti biyu fa, a ido abinci ne mai yawa.

Mako shida ta yi tana shayarwa. Ranar da na raba ta da 'ya'yan na fito da ita fili, a hasken rana, shi ne na gan ta da kyau. Ƙashin bayanta ya fito kamar kunyar gona, ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, ƙugunta ya yi tsini, ga wani miki da ya buɗe a allon kafaɗarta inda ƙashi ke gogar siminti. Ƙafafunta na baya suna rawa. A ƙa'ida, aladiyar da aka yaye wa 'ya'ya takan nemi namiji cikin kwana huɗu zuwa bakwai. Doguwa ta yi mako ɗaya shiru, mako biyu shiru, sai da ta haura mako uku. Da ta sake haihuwa, bakwai ta haifa, biyu ƙanana kamar ɓeraye. A lokacin na ɗora laifin a kan namijin maƙwabcina, har muka ɗan yi tsamin dangantaka, abin da nake jin kunyarsa har yau.

'Yar ƙanwata ce ta warware mini zaren. Ta karanta kimiyyar dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta zo hutun Kirsimeti na ba ta labari ina ƙorafi. Ba ta ce komai ba sai da ta sa aka aro sikeli a wurin mai sayar da hatsi, ta ce in auno mata abin da nake ba Doguwa a yini. Muka auna. Ta matse dusar burukutun a hannunta ruwa ya tsiyaye, ta ce, "Kawu, wannan kashi uku cikin huɗu ruwa ne." In aka cire ruwan, abin da Doguwa ke samu bai wuce kilo 3 ba, shi ma yawancinsa ƙaiƙayi ne mai cika ciki.

Sai ta ɗauki tsinke ta yi mini lissafi a ƙasa. Kafin ɗan alade mai shan nono ya ƙara kilo ɗaya, sai ya sha madara wajen kilo 4. In kowane ɗa yana ƙara giram 200 a yini, goma sha ɗaya sun ƙara kilo 2 da 'yan kai ke nan, wato uwar tana fitar da madara kusan lita 9 kowace rana. Na ce lita tara? Ta ce ƙwarai. Kuma madarar alade ba irin ta saniya ba ce, kitsen da ke cikinta ya kai kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari, kusan ninkin na saniya. Ba ma ganin wannan madarar ne saboda ba a tatsar alade a ƙwarya. 'Ya'yan na kama nono kusan kowace awa, dare da rana, kuma zubowar madarar kanta ba ta wuce daƙiƙa goma zuwa ashirin ba, sai ka ga kamar wasa suke yi. Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da uwa mai shayarwa ke buƙata daga abinci, nono yake tafiya. Lissafin da masu kiwo suka saba yi shi ne a ba uwa kimanin kilo 2 domin jikinta, a ƙara rabin kilo a kan kowane ɗa. Na Doguwa ya kama kilo bakwai da rabi. Ni kilo uku nake ba ta, ina kuma ganin na yi bajinta.

Tambayar da na yi mata ita ce wadda kowa zai yi: in abincin bai kai ba, yaya aka yi 'ya'yan suka yi kyau? A nan ne maganar Mama ta fito fili. Jikin uwa mai shayarwa yana fifita nono a kan komai. In abin da ke shigowa ta baki ya gaza, ba ta rage madara nan take, sai ta shiga rumbun jikinta. Sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne ya sa jiki ya adana abinci, yakan yi ƙasa a jini, kitsen da ke ƙarƙashin fata ya fara narkewa yana shiga jini, hantsa ta kwashe ta zuba a madara. Da kitse ne kaɗai ake ɗiba, da da sauƙi. Madara tana buƙatar furotin, kitse kuwa ba ya zama furotin, saboda haka sai jiki ya shiga warware tsoka, ta baya da ta cinya. Tana kuma buƙatar kalsiyam da fosforas, in babu su a kwami a ƙashi za a ciro. Rawar ƙafar da na gani ke nan. Akwai waɗanda bayan yaye, namiji na hawa sai ƙugu ko ƙafa ta karye, a ce tsautsayi ne, alhali ƙashin ya daɗe da zama holoƙo. Sai tsoka ta zube sosai sannan madarar ke ja baya, lokacin ne mai kiwo irina ke farga, bayan an gama ɓarna.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne batun haihuwa ta gaba. Ƙwayayen da uwa za ta saki in ta nemi namiji bayan yaye, tun tana shayarwa suke girma a jikinta. Abin da ke tura su girma wani sinadari ne da ke fitowa daga wata 'yar ƙaramar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa, yana fitowa a kai a kai kamar bugun ganga. In jiki ya ji yunwa ta yi yawa, insulin ya faɗi, sai bugun nan ya yi jinkiri, kamar jikin na cewa waɗanda ke ƙasa ma ban iya da su ba, ina zan kai wasu. Ƙwayayen su fito kaɗan, su fito raunana, wasu ko an yi barbara ba sa kama mahaifa. 'Yar ƙanwar tawa ta gaya mini cewa a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada an wallafa wani gwaji a 1997, inda aka rage wa masu haihuwar fari rabin abincinsu a makon ƙarshe na shayarwa kaɗai, aka ga 'yan tayin da ke rayuwa a cikin da ya biyo baya sun ragu. Mako ɗaya tak. Ashe bakwai ɗin nan da Doguwa ta haifa, tun a watan Afrilu na rubuta su da hannuna, namijin maƙwabcina bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mai haihuwar fari ita ta fi shan wannan wahala, don ita kanta ba ta gama girma ba, cikinta bai kai na manya ɗaukar abinci ba, ga nono ga ginin jikinta. Shi ya sa haihuwa ta biyu ke yawan ba masu kiwo kunya.

Na ce to, ƙibar da na tara mata lokacin ciki fa, ba ajiya ba ce? Ta ce ita ce ma ta fara kashe mini kasuwa. Aladiyar da ta shiga ɗakin haihuwa da ƙiba fiye da kima ba ta cin abinci sosai bayan ta haihu. Jikinta ba ya jin insulin yadda ya kamata, sukari da mai su daɗe suna yawo a jini, kitsen kansa yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi, sai ta ga kwami cike ta kau da kai. Ga doguwar naƙuda, ga kitse da ke cushe hantsa. Wato na yi abin a juye: lokacin da kilo 2 zuwa biyu da rabi ya ishe ta na ɗura mata, lokacin da take neman ninki uku na haka na janye hannu. Kuma na lura ba ni kaɗai ba ne. Mu duka muna tausayin mai ciki saboda cikin ana ganinsa, mai shayarwa kuwa an ɗauka ta riga ta sauke nauyi.

Sai zafi. Wannan kam ba laifina ba ne duka. Uwa mai shayarwa ta fi jin daɗi in yanayi yana wajen digiri 18 zuwa 22, 'ya'yanta sabbin haihuwa kuma suna son sama da 30, a ɗaki ɗaya. Alade ba ya gumin da zai sanyaya shi, haki yake yi, kuma narkar da abinci da haɗa madara duk wuta suke hurawa a jiki. Hanyar da ta rage masa ita ce ya rage ci. A Faransa, a wani gwaji da aka wallafa a 1999, uwayen da ke cin sama da kilo biyar da rabi a digiri 18 sun koma cin kilo 3 da ɗan kaɗan a digiri 29. Digiri 29 fa. A watan Maris, ƙarƙashin kwanon rufin ɗakin Doguwa, da tsakar rana, 29 ai sanyi ne. Abinci mai yawan ƙaiƙayi kuma ya fi ƙara zafin jiki wajen narkewa, ga shi shi na fi ba ta.

Na taɓa tambayar Mama me ya sa nata aladun ba su taɓa yin haka ba. Nata baƙaƙen nan ne na gida, ƙanana masu dogon baki, suna haifar biyar ko shida, da rani suna yawo suna tonon saiwa da tsutsa, suna kwanciya a taɓo in rana ta yi zafi, ba mai ƙirga musu kwanakin yaye. Su ma suna ramewa, sai dai ba mai jiran su da kalanda. Doguwa kuwa jinin Large White ce, irin da Turawa suka daɗe suna zaɓe domin yawan 'ya'ya da yawan madara da ƙarancin kitse. An gina ta ta ba da madara ko ta ci ko ba ta ci ba. Na kuma kulle ta a ɗakin siminti saboda tsoron zazzaɓin aladu na Afirka, cutar da ta shigo Najeriya a 1997 take share garke in ta faɗa, don haka ba ta da damar fita ta nemi abin da na kasa ba ta. Na sayi motar da ke shan mai da yawa ne ina zuba mata na babur.

Yanzu ga yadda nake yi, ba don na zama gwani ba. Mai ciki kilo biyu zuwa biyu da rabi, da sikeli, ba da mudu ba, domin mudun dusa da mudun masara ba nauyinsu ɗaya ba. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, nawa idon dai ya ci amanata, na daina yarda da shi. Ranar haihuwa abinci kaɗan, ruwa da yawa, da ɗan dusa don kada bayan gida ya yi mata tauri, hankalina kuma yana kan kowane ɗa ya samu dakashi. Daga nan nakan ƙara wajen rabin kilo kullum, kafin kwana bakwai zuwa goma ta kai inda za ta ci iya cinta. Madara takan kai ƙololuwa wajen mako na uku, a lokacin ba na yi mata ƙwauro ko kaɗan. Da zafi, sau uku ko huɗu nake ba ta: da asuba kafin rana ta fito, da la'asar sakaliya, da kuma dare wajen ƙarfe tara, wanda shi ta fi ci. Ina jiƙa abincin da ruwa, in kwashe abin da ya rage kafin ya yi tsami. Na shimfiɗa ciyawa a kan kwanon rufi, da rana kuma a zuba mata ruwa a wuya da kafaɗa, ba a kan 'ya'yan ba.

Ruwan sha shi ne abin da aka fi rainawa. Mai shayarwa tana shan lita 20 zuwa 30 a yini, da zafi ta wuce haka. Jarka guda cur da ɗori. Wadda ba ta sha ba ba za ta ci ba.

Haɗin da nake yi a buhu mai kilo 100 shi ne masara 55, waken suya 25, dusa 16, garin ƙashi 3, gishiri rabin kilo, sauran rabin kilon kuma sinadaran bitamin da laisin (wani sinadarin gina jiki) da ake sayarwa a shagon abincin kaji. Wannan yana ba da furotin wajen kashi 16 cikin ɗari, wanda shi ne ƙasan abin da mai shayarwa ke so. Waken suya dole a soya shi ko a dafa, ɗanyensa yana hana narkar da furotin. In zafi ya tsananta ci ya ragu, nakan ɗan zuba manja, don mai yana ba da ƙarfi da yawa a ɗan ƙaramin wuri kuma ba ya hura jiki kamar dusa. Ƙuli-ƙuli ma yana aiki, amma wanda ya yi funfuna ko kyauta aka ba ni ba na karɓa, haka masarar da ta sha damshi. Dusar burukutu ban daina saye ba, masu ciki da waɗanda ba sa shayarwa nake ba.

Manyan gonaki suna da na'urar da ake ɗorawa a bayan alade, daidai haƙarƙarin ƙarshe, santimita shida da rabi daga tsakiyar gadon baya, ta faɗi kaurin kitse. Suna son ya kasance wajen milimita 16 zuwa 20 lokacin haihuwa, kuma kada uwa ta zubar da sama da kashi 10 cikin ɗari na nauyinta kafin yaye. Ni ba ni da na'ura, tafin hannu gare ni da tef ɗin tela. Nakan danna gadon baya da ƙugu: in ƙashi na bayyane ga ido ta rame, in sai na danna sosai nake jin sa daidai ke nan, in na danna ban ji komai ba ta yi ƙiba. Tef ɗin kuma ina zagaya shi a ƙirjinta, bayan ƙafafun gaba, ranar haihuwa da kowace Asabar, in rubuta da gawayi a bango. In na ga lamba na gudu ƙasa da sauri, sai in fara ba 'ya'yan nasu abincin a wani lungu da uwar ba ta shiga, in cire manyan biyu ko uku da wuri, ko in yaye duka a mako huɗu zuwa biyar maimakon shida.

Masu cewa wannan ciyarwa ta yi tsada ba ƙarya suke yi ba, na san farashin masara kamar kowa. Amma ni na biya ɗaya kuɗin, na ga wanda ya fi ciwo. Ƙarin kilo 3 a yini na kwana 35 bai wuce buhu ɗaya da 'yan mudu ba. Irin tsimin da na yi a kan Doguwa ke nan. A madadinsa na ciyar da ita mako uku tana zaune ba ciki ba goyo, na sayi maganin miki, na rasa 'ya'ya huɗu da ba a ma haife su ba. Kowa ya je Katsit ya tambayi kuɗin ɗan yaye guda, ya ninka sau huɗu.

Doguwa ba ta taɓa komawa yadda take ba. Bayan haihuwa ta uku na kai ta kasuwa, dillali ya danna bayanta da babban yatsa, ya taɓe baki, ya yi tayin da ban ji daɗinsa ba, na sallama. 'Yarta ce a ɗakin yanzu, daga cikin goma sha ɗayan nan na farko, muna kiranta Mai-tabo. Tana goyon goma, yau kwanansu 30. Tef ya nuna ta ragu da yatsa biyu kacal tun haihuwa, kafaɗarta sumul. Jiya da dare na fito da abincin ƙarfe tara na tarar Mama ta riga ni, tana tsaye da buta tana tsiyaya mata ruwa a wuya, tana mita wai aladun yanzu sun fi mutane gata. Ranar Alhamis zan yaye su. Na riga na je wurin maƙwabcin nan nawa, na ce ya tanadar mini namijin daga Litinin zuwa Laraba.